Yadda Ake Shirya Tafiya a Ƙaramin Jirgin Ruwa na Alfarma Tsakanin Tsofaffin Biranen Bahar Rum

Tun daga ranar 1 ga Agusta, 2021, gwamnatin Italiya ta hana duk jirgin ruwan da girmansa ya haura tan 25,000, ko tsawonsa ya wuce mita 180, ratsawa ta gaban dandalin San Marco da ke Venis. Birnin Dubrovnik na Kuroshiya ya fara taƙaita jiragen da yake karɓa a yini tun 2019. Tsibirin Santorini na Girka shi ma ya ƙayyade wa jirage fasinja 8,000 a rana. Tsofaffin garuruwan nan sun gaji da jiragen da kan juye musu mutum dubu biyar a lokaci guda, a cikin lungunan da aka gina domin jaki da mai tafiya a ƙafa. Wanda ya ci moriyar wannan tsauri shi ne ƙaramin jirgi, mai ɗaukar mutum 100 zuwa 700.

Tafiya ce mai tsada, kuma kamfanonin sun iya talla: hoton katifa, hoton faranti, hoton rana tana faɗuwa. Duk waɗannan otal mai kyau a kan tudu zai ba ka su. Abin da otal ba zai iya ba shi ne ka kwanta a Split ka farka a Kotor, ka sauko daga tsanin jirgi ka ga ƙofar ganuwa a gabanka. Saboda haka kuɗinka a kan tambaya biyu yake: a ina jirgin zai ɗaure, kuma awa nawa zai yi a wurin. Ka riƙe su, domin za su yi ta dawowa.

Mataki na farko: ka zaɓi teku kafin ka zaɓi jirgi

Yawancin mutane da sunan kamfani suke farawa. Ka fara da taswira. Hanyoyin da suka fi tara tsofaffin birane a Bahar Rum uku ne.

Akwai tekun Adriyatik, daga Venis zuwa gaɓar Kuroshiya da Montenegro: Rovinj, Split, Hvar, Korčula, Dubrovnik, Kotor. Garuruwan kusa suke da juna, jirgi kan yi tafiyarsa cikin dare, tsibirai kuma suna kare shi daga manyan igiyoyin ruwa. Daular Venis ta mulki mafi yawan wannan gaɓa na ƙarnoni, shi ya sa za ka yi ta ganin zakinta mai fukafuki a sassaƙe a kan ƙofofi. Split kuwa gari ne da ya tsiro a cikin fadar sarkin Rum Diocletian, wadda aka kammala wajen shekara ta 305, kuma har yau mutane suna zaune a cikinta, da shagunansu da shanyar kayansu.

Akwai tekun Ejiyan, tsakanin Girka da Turkiyya: Atina, Nafplio, Monemvasia, Patmos, Rodos, Kuşadası wadda daga ita ake zuwa kangon birnin Afisa, sai Istanbul. Tarihi ya fi zurfi a nan, amma iska ma ta fi ƙarfi.

Sai yammacin Bahar Rum: Sisili, Malta, gaɓar Amalfi, Korsika, kudancin Faransa da Sifaniya. Nisan da ke tsakanin tashoshi ya fi yawa, don haka a kan samu yini guda a cikin mako da ba a sauka ko'ina.

In wannan ce tafiyarka ta farko, Adriyatik nake ba da shawara, ta kwana bakwai. Ta fi sauƙi ga ciki, kuma a nan ne ƙanƙantar jirgi ta fi yin rana.

Mataki na biyu: wata

Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Yuli da Agusta lokacin hutun Turawa ne, farashi a sama, duwatsun titi suna tururi, kuma a Ejiyan iskar arewa da ake kira meltemi tana iya kwanaki tana kaɗawa har ta hana jirgi tsayawa a wasu tsibirai. Daga 2025 Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgi da ya sauka a Santorini ko Mykonos daga Yuni zuwa Satumba, yana raguwa a sauran watanni. A watan Mayu ruwan teku da sauran sanyi ga mai son iyo, a Satumba ya yi ɗumi. Ƙarshen Oktoba ana samun araha, tare da ruwan sama da gajeren yini.

Mataki na uku: ka karanta jadawalin tashoshi kamar takardar yarjejeniya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Kowace tafiya tana da jadawali mai nuna rana, sunan tasha, lokacin isa da lokacin tashi. Ka buɗe shi, ka ɗauki biro, ka bi layi-layi.

Da farko ka duba sunan da aka sa a cikin baka. In ka ga an rubuta Rum sannan an sa Civitavecchia a gefe, to jirgi a Civitavecchia zai tsaya, kuma tsakaninta da birnin Rum tafiyar fiye da awa guda ce. Haka Livorno take ga Fulorens, kusan kilomita 90. Piraeus dai kusa take da Atina, kilomita goma ko makamancin haka. Sevilla misali ce mai kyau na bambancin da muke magana a kai: babban jirgi a Cádiz yake tsayawa, a ɗebi fasinjoji a bas su yi tafiyar kusan kilomita 120, shi kuwa ƙaramin jirgi yana iya bin kogin Guadalquivir wajen kilomita 80 har cikin gari. Jadawali biyu za su iya rubuta Sevilla, amma tafiyar ba ɗaya ba ce.

Venis na buƙatar kulawa ta musamman. Jirage da yawa da ake kira ƙanana sun haura ma'aunin nan na tan 25,000, don haka suna ɗaurewa a Marghera ko Fusina, can gefen masana'antu, wasu ma a Ravenna ko Trieste, waɗanda garuruwa ne daban. In shiga Venis ta ruwa ce ta ja ka, ka tambayi sunan wurin ɗaurewar, a rubuce.

Na biyu, ɗaurewa ce ko jefa anga? In jirgi ya ɗaure a bakin tasha, ka fita lokacin da ka so, ka dawo ka ci abinci ka sake fita. In ya jefa anga a tsakiyar ruwa, sai an yi jigilarka da ƙaramin kwalekwale mai inji. Jadawali kan nuna wannan da alamar anga. Ba kullum ba ne hakan yake zama illa. A Dubrovnik, tashar Gruž tana da nisan kusan kilomita uku daga tsohon gari, amma ƙaramin jirgin da ya jefa anga kusa da tsibirin Lokrum kwalekwalensa kan sauke ka a tsohuwar tasha, a gindin ganuwa. Illar ita ce in teku ya ɓaci, tashar anga ce ake fara sokewa. Amalfi, Portofino da Santorini duk na anga ne. Tafiyar da rabin tashoshinta na anga ne tana da haɗarin sauye-sauye, kuma tana wahalar da mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu.

Na uku, sa'o'i. Isa ƙarfe 8 na safe, tashi ƙarfe 1 na rana, wannan leƙe ne kawai. Cire rabin awa na jiran izinin hukuma, cire rabin awa na dawowa kafin tashi, me ya rage? Abin da kake nema shi ne tashi ƙarfe 10 ko 11 na dare, ko kwana a tasha. Manyan jirage galibi sukan kwashe mutanensu da la'asar, daga nan gari ya koma hannun masu shi. Dubrovnik ta ƙarfe 11 na safe da Dubrovnik ta ƙarfe 8 na dare, sai ka rantse garuruwa biyu ne. Ka haɗa jimillar sa'o'in tasha na kowace tafiya da kake kwatantawa. Sau da yawa wadda ta fi araha ita ce mai ƙarancin sa'o'i.

Na huɗu, wace rana ce ta mako? Gidajen tarihi da yawa a Turai ba sa buɗewa ran Litinin. A Istanbul fadar Topkapı a rufe take ran Talata, babbar kasuwa mai rufi kuma ran Lahadi. Gidajen tarihin Vatican ba sa buɗewa ran Lahadi sai ta ƙarshen wata. Kamfani ba zai faɗa maka wannan a takardar talla ba.

Abu na ƙarshe, wa za ka tarar a can? Hukumomin tashoshi da yawa, har da na Dubrovnik da Kotor, suna wallafa jerin jiragen da za su iso a kowace rana. Ka duba a intanet. Jirginka mai mutum 150 ba zai cece ka daga cunkoso ba in akwai ƙattai biyu a tashar a ranar.

Akwai kuma wuraren da girma kaɗai ke yanke hukunci. Mashigin Korinti a Girka, wanda aka buɗe a 1893, tsawonsa ya ɗan haura kilomita shida, faɗinsa kuma bai kai mita 25 ba. Jirgi kan wuce bangon dutse yana tsaye dama da hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Zaftarewar ƙasa ta sa an rufe shi a 2021, kuma tun daga lokacin ana buɗewa ana rufewa domin gyara, saboda haka kada ka sayi tafiya saboda shi kaɗai. Bonifacio a Korsika ma siririn mashigi ne tsakanin fararen duwatsu, babban jirgi ba ya shiga.

Mataki na huɗu: jirgin kansa

Sai yanzu ka duba jirgi. Kowa na cewa nasa ƙarami ne, don haka ka nemi lambobi. Jiragen SeaDream guda biyu kowanne fasinja 112 yake ɗauka, da ma'aikata 95. Wind Star da Wind Spirit na kamfanin Windstar, masu filafilai, 148. Royal Clipper na Star Clippers, mai ginshiƙan filafilai biyar, 227. Sea Cloud, wanda aka ƙera a 1931, 64. Kamfanin Ponant na Faransa yana da jerin jirage masu ɗaukar 184. Evrima na Ritz-Carlton 298. Jiragen Seabourn da Silversea da Regent da ke yawo a Bahar Rum galibi tsakanin 400 ne da 750. Domin kwatance, Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Ka raba yawan fasinja da yawan ma'aikata. In amsar ta kusa ɗaya, hidima za ta kai yadda aka yi alkawari. In ta kai biyu ko uku, to sunan alfarmar a takarda yake.

Ƙanƙanta tana da nata farashin, kuma gara ka sani tun yanzu. Jirgin da bai kai mutum 200 ba sau da yawa ɗakunansa ba su da baranda, taga ce kawai. Wasu masu filafilai ba su da lif, sai matakala. Wurin cin abinci ɗaya ne ko biyu, babu manyan wasanni da dare, ba a shirya wa yara komai ba. Yana kuma jin igiyar ruwa fiye da babba. Sannan fuskokin da ka gani ranar farko su za ka yi ta gani har ƙarshe, wanda ga wani daɗi ne, ga wani kuma takura. Masu ɗaukar 400 zuwa 700 sun fi faɗin ɗaki da yawan zaɓi, amma sun fara rasa wasu tashoshin. Ni dai a kan hanyar Adriyatik da tsibiran Girka ƙasa da 300 na fi so, a yammacin Bahar Rum kuwa, inda ake tsallaka buɗaɗɗen teku, ɗan babba ya fi kwanciyar hankali.

Ka duba harshen jirgin ma. A Ponant ana sanarwa da Faransanci da Turanci, a Sea Cloud da Jamusanci da Turanci.

Mataki na biyar: lissafin kuɗi

Farashin da ka gani na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai kan biya ƙari, wani lokacin har ninki, sai dai in ya dace da tafiyar da aka yafe wannan ƙarin.

Kalmar da za ka yi ta gani ita ce wai komai na ciki. Ka tambaya, komai ɗin me da me? A rubuta maka amsar waɗannan: tukuicin ma'aikata, abin sha, intanet, yawon da ake shiryawa a gari, harajin tasha, wanki, da motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgin sama. Regent yana haɗa yawon gari da yawa a cikin farashi, wasu kamfanonin kuma kowane yawo da kuɗinsa. In ba ka shan giya, ka lura cewa wani kaso na farashin irin waɗannan jirage na giya ne, don haka kamfanin da ke sayar da abin sha daban zai iya fi maka sauƙi. Bayan ka haɗa komai, ka raba da yawan darare. Da wannan adadin kaɗai ake kwatanta tafiya da tafiya.

Za a nemi kafin alƙalami lokacin da ka kama ɗaki, cikon kuma yawanci wata uku zuwa huɗu kafin tafiya. Daga ranar cikon nan asarar fasa tafiya take hauhawa, har ta kai babu abin da za a mayar maka. Ka rubuta ranakun, domin mataki na gaba ya rataya a kansu.

Mataki na shida: biza da inshora

Ɗaukar nauyin biza a kanka yake. Kamfani ba zai bar ka ka hau ba in takardunka ba su cika ba, kuma ba zai mayar maka da kuɗi ba.

In fasfonka na buƙatar bizar Schengen, wato biza ɗaya da ake shiga rukunin wasu ƙasashen Turai da ita, ka jera ƙasashen da jirgi zai taɓa, ka ware na cikin rukunin da na waje. Italiya, Girka, Malta, Faransa da Sifaniya na ciki ne. Kuroshiya ta shiga ranar 1 ga Janairu, 2023, ranar da ta koma amfani da yuro. Montenegro, Albaniya da Turkiyya na waje ne. Ga tarkon: jirgin da ya tashi daga Dubrovnik ya tsaya a Kotor ta Montenegro sannan ya nufi Korfu ta Girka ya fita daga yankin ya sake shigowa. Mai bizar shiga sau ɗaya ta ƙare masa a Kotor. Don haka bizar shiga da yawa za ka nema, ka haɗa da jadawalin jirgin a cikin takardunka domin jami'in ya ga dalili. Ko da ba ka da niyyar sauka a wata tasha, ana iya neman bizarta.

Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki, in kwanakin sun zo daidai kuma ƙasar da za ka fara shiga. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya. Ka shigar da wuri yadda amsa za ta fito kafin ranar biyan ciko. Kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne tun Yunin 2024. Dokar Schengen na so fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita, amma kamfanonin jirage galibi wata shida suke nema, to ka bi mai tsaurin. Ƙasashen waje kowace da dokarta gwargwadon fasfonka, ka tabbatar daga ofishin jakadancinta.

Inshorar da biza ke nema ita ce wadda za ta iya biyan kuɗin jinya na aƙalla yuro 30,000. Wannan ta cika sharaɗi ne kawai. Ka sayi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, ta ɗauki nauyin kwashe mara lafiya daga teku, da asarar fasa tafiya, da rasa jirgi saboda jinkirin jirgin sama. Akwai likita a yawancin jiragen, amma ganinsa da kuɗi ne.

Mataki na bakwai: ɗaki

Tsakiyar jirgi, bene na ƙasa ko na tsakiya. Nan ne motsi ya fi ƙanƙanta. Goshin jirgi ya fi tsalle, kuma a nan za ka ji ƙarar sarƙar anga da asuba. Bayansa akwai rurin inji. Ka buɗe zanen benaye ka ga me ke saman ɗakin da ƙasansa, ka guji ƙarƙashin kicin da wurin iyo, inda ake jan kujeru tun kafin gari ya waye. In an ba ka rangwame a kan kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki, ka sani abin da ya rage za a ba ka. A tafiyar da kullum ana tasha, baranda ba ta kai kuɗinta ba, domin da rana kana gari, shiga tasha kuma daga saman jirgi ya fi kyan kallo.

A wannan lokacin ne kuma za ka sanar da abin da ba ka ci, saboda addini ko lafiya. Ƙaramin jirgi ma'ajinsa ƙarami ne, in an sani da makonni a kan tanada, in sai ranar hawa ka faɗa sai dai a yi maneji.

Mataki na takwas: isa da kaya

Ka isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, biyu in tafiyarka ta sama mai sauyin jirgi ce. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma akwatin da ya maƙale a wani filin jirgi ba ya saurin cim ma jirgin da kullum yake sabon gari.

Takalmi shi ne kaya mafi muhimmanci. Duwatsun titin Stradun a Dubrovnik sun goge sun yi santsi saboda sawun ƙarnoni, Valletta, babban birnin Malta, kuma hawa ce da gangara. Ka zo da mai taushin tafi wanda ƙafarka ta saba da shi. Ka haɗa da hula, rigar iska mara nauyi domin saman jirgi, da tufar da ke rufe kafaɗa da gwiwa, domin majami'u da masallatai na neman haka, mata kuma su riƙe mayafi saboda masallatan Istanbul. Da dare yawancin waɗannan jirage shiga mai tsafta kawai suke so, amma wasu na da daren kwat, ka duba. Magungunanka su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu. In teku na sa ka jiri, ka nemi shawarar likita a kan magani tun kafin tafiya, kuma a sha shi kafin ciki ya fara juyawa.

Ranar hawa

Za a karɓi akwatinka, a ɗauki hotonka, a ba ka kati. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi kuma ake rubuta duk abin da ka saya, a cire daga katin bankin da ka bayar. Wani lokaci a kan riƙe fasfo a ofishin jirgi domin jami'an tashoshi, don haka ka ajiye kwafinsa.

Kafin a tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne. Bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu, an tsaurara dokar ta koma a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ka san wurin taronka da inda rigar ceto take. Alamar haɗari ita ce busa gajere bakwai da dogo ɗaya.

Sannan ka kashe datar wayarka da zarar an bar gaɓa. Waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi ba tare da ta tambaye ka ba, kuma tsadarsa ba ta da kai. Ka tsaya a kan intanet ɗin jirgin.

Yadda ake cin yini a tasha

Kowane dare za a ajiye maka takardar shirin gobe. Ka ɗauki hotonta. A ciki akwai lokacin da dole kowa ya dawo, yawanci rabin awa kafin tashi, da lokacin kwalekwalen ƙarshe, da lambar wakilin jirgin a wannan tasha, wanda shi za ka kira in wani abu ya faru. Ka bi agogon jirgi. Girka tana gaban Italiya da Kuroshiya da awa ɗaya, waya kuma kan sauya lokaci da kanta.

Yawon kamfani ko na kanka? Nisa ne ke yanke hukunci. In wurin na nesa ne, kamar Afisa daga Kuşadası ko fadar Alhambra daga Malaga, ka bi na kamfani, domin in bas ɗinsu ta makara jirgi zai jira, in taka ce ta makara kuwa sai ka bi shi tasha ta gaba da kuɗinka. Alhambra da Akropolis na Atina tikitinsu mai lokaci ne, ana saya tun da wuri. Inda jirgi ya ɗaure a gindin ganuwa kuwa, ƙafarka ta ishe ka.

Ɗauki Kotor. Ka sa agogo ya tashe ka awa biyu kafin lokacin isa, domin shigar ita ce rabin abin kallon. Jirgi kan bi mashigin ruwa mai lanƙwasa tsakanin duwatsu, ya ratsa matsatsin Verige da faɗinsa bai kai mita 400 ba, ya wuce ƙananan tsibirai biyu da ke gaban garin Perast. In kana da ƙarfin hawa matakala kusan 1,350 zuwa sansanin da ke saman gari, ka fara da shi kafin rana ta leƙo kan dutsen, da ruwan sha a hannu. Montenegro da yuro take ciniki duk da ba ta cikin Tarayyar Turai.

A Dubrovnik ka hau ganuwa da zarar an buɗe da safe, ko kuma da yamma lis. Zagayenta kusan kilomita biyu ne, gefe ɗaya ake bi, kuma babu inuwa. Daga sama za ka ga rufin gidaje kala biyu, tsohon jan da ya dusashe da sabo mai haske, na gidajen da aka gyara bayan luguden wutar 1991. Tsakar rana ka koma jirgi ka huta, ka fito in gari ya sarara.

A Valletta, wadda aka aza harsashinta a 1566 bayan kewayewar da sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa tsibirin a 1565, kada ka hau gangaren da ƙafa. Akwai lif na Barrakka mai tsawon mita 58 kusa da tasha, yana sauke ka a lambun da ake harba igwa da tsakar rana. A Rodos kuwa ganuwar tana tsallaken titi daga inda jirgi ya ɗaure.

Abu ɗaya babba a yini ya isa. Mai son ganin komai a kowace tasha, ran na huɗu zai kasa bambanta wannan majami'a da waccan.

In an sauya hanya

Wata safiya za ka iya jin muryar kyaftin yana cewa iska ta hana shiga tashar yau. Takardar da ka sa wa hannu ta ba shi wannan ikon, kuma galibi abin da za a mayar maka shi ne harajin tashar da kuɗin yawon da ka saya daga kamfani. Shi ya sa duk abin da za ka kama da kanka a gari, mota ko ɗan jagora, ka zaɓi wanda ake iya fasawa. Ƙaramin jirgi dai yana da mafita, domin sau da yawa kyaftin kan zagaya bayan tsibiri ya sami wata ƙaramar tasha da ba ta cikin jadawali.

Saukowa

Kwana biyu kafin ƙarshe ka nemi lissafin abin da ka kashe ka duba, tun layi bai taru a ofis ba. Daren ƙarshe ana ajiye akwati a bakin ƙofa da alamar launin da aka ba ka, don haka ka ware kayan da za ka sa da safe, da fasfo da magani. Yawanci a kan bar ɗaki wajen ƙarfe 8, a bar jirgi kafin 10. Kada ka kama jirgin sama mai tashi kafin azahar, musamman daga Civitavecchia ko Ravenna inda filin jirgi ke da nisa. In kuma tafiyar a Venis ko Istanbul ta ƙare, ka ƙara kwana biyu a otal, ka tabbata kwanakin bizarka sun haɗa da su.